Mai Sayen Ƙarar Keken Umma Duk Bayan Kwana Uku

Yau da kunya zan buɗe baki, masu karatu, don wautar da ke cikin labarin nan tawa ce ni kaɗai, ban da abokin tarayya. Wadda dariya ta kama ta yi abinta, na yafe mata tun yanzu.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, sana'ata haɗa manhajar waya. In na faɗi haka a cikin mutane sai a ɗauka wani ƙaton ofis gare ni mai kujera mai juyawa. Ina! Ofishina ɗakin ɗinkin marigayiya Ummanmu ne. Kwamfutata tana zaune a kan teburin da take yanka yadi, ƙafar teburin ɗaya an tokare ta da kwali, kuma har gobe in na ja aljihunsa sai maɓallai da guntayen alli su yi min ƙara. Kekenta na nan a kusurwa, an lulluɓe shi da tsohon zanen gado mai shuɗin fure. Shekara biyu ke nan ba wanda ya taka shi.

Manhajar tawa 'yar ƙarama ce, ta sautukan sa barci. Ka buɗe, ka zaɓi ruwan sama a kan kwano, ko ƙugin fanka, ko kukan tsuntsaye da sassafe, ka ajiye waya kusa da kunne, shi ke nan. Waɗannan ukun kyauta ne. Akwai wasu huɗu da na rataya musu ɗan kwaɗo, sai ka biya a cikin manhajar sannan ya buɗe. Kuɗin bai kai na kofin shayi biyu ba, kuma sau ɗaya ake biya, abu ya zama naka har abada. Haka dai na rubuta a jiki da hannuna, har da ado.

Na ƙarshe a cikin huɗun sunansa Keken Ɗinki. Wata rana da hantsi, lokacin Umma na da rai, ina gwada sabuwar waya, na ajiye ta a kan taga na ɗauki ƙarar kekenta, minti goma sha ɗaya. Tatatatata, ta tsaya, ta juya yadi, ta ci gaba. A minti na bakwai sai ga muryarta ƙasa-ƙasa, allura a baki: "Miƙo min almakashin nan." Na so in yanke wurin kafin in saka a manhaja, hannuna ya ƙi. Na bar shi a haka.

Don son in ji daɗi, na saita wayata ta riƙa buga wata 'yar ƙararrawa duk lokacin da wani ya saya. Ƙililin! Wallahi ko ina tsakiyar wanke-wanke na ji ta sai na yi murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir.

To, a nan Mai Keke ya shigo rayuwata.

Shagon manhajoji ba ya nuna wa irinmu sunan mai saye, sai dai wata doguwar lamba. Wata Litinin, wajen ƙarfe huɗu na yamma, ƙililin, wani ya sayi Keken Ɗinki. Bayan kwana uku, ƙarfe huɗu, ƙililin, lamba ɗaya, sauti ɗaya. Bayan wasu ukun, haka. Mai hankali da sai ta tambayi kanta, ta yaya mutum zai sake sayen abin da yake nasa har abada? Ni kuwa 'yar gidan mafarki sai na dafe ƙirji na ce, wannan bawan Allah magana yake aiko min.

Kai, jama'a, na ƙera mutumin nan tsaf a zuciyata. Dogo ne, ba ya son hayaniya. Yana zaune a wani gari mai sanyi a bakin teku, a bene hawa na tara, tagarsa na kallon jiragen ruwa. Mahaifiyarsa tela ce ita ma, kewarta ke hana shi sukuni. In ya taso daga aiki sai ya cire agogo ya ajiye, ya zauna bakin gado, ya danna, ya lumshe ido. Har tabo na yi masa a gira don kada kyan ya yi yawa. Duk ranar saye tun ƙarfe uku nake gyara ɗaurin ɗankwali in zauna kusa da taga, wai kada ƙararrawa ta same ni a birkice. Ni da lamba fa!

Alhali kuwa akwai mutum na gaske, mai jini a jika, wanda yake bina wata bakwai cur.

Shagonsa na bakin babban titi, tsakanin mai sayar da tayoyi da wani ɗakin aski. Gyaran waya yake yi, duk unguwa Likitan Waya ake ce masa, ni kuma Likita kawai. Ba dogo ba ne, gaskiya. Kullum akwai wani gilashin ƙara girman abu a ɗaure a goshinsa, har ya bar masa shaida, kuma 'yan yatsunsa duk ƙananan ƙunar dalma ne. Amma in yana sauraronka sai ya ajiye duk abin da ke hannunsa. Na fara zuwa wurinsa aron tsofaffin wayoyi don in gwada manhaja, daga nan ya karɓi lambata, daga nan kuma ya je ya gaida Baba ya faɗi abin da ke ransa, a mutunce.

Kada ku ce ba na son sa. Ina son sa, wallahi ina son sa. Ciwona ɗaya ne, kuma tun ina yarinya nake da shi: a zuciya nake ba da amsa. Saƙonsa zai shigo, "Ranki ya daɗe, na ga wani yadi yau launin mayafinki na rannan, sai na tuna da ke." In karanta sau biyar, in rungume waya, in tsara amsa mai daɗin gaske a kaina, in gyara, in ƙara gishiri, har in ji yadda zai yi dariya in ya gani. Daga nan sai raina ya kwanta kamar na aika. Kwana biyu in duba in ga wurin amsar wayam. Kunya ta hana ni rubutawa, sai in ce gobe. Da goben ta yi yawa sai na daina buɗe saƙonnin gaba ɗaya, ina leƙen layin farko ta saman waya kamar ɓarauniya. Mai Keke ya fi min sauƙi, shi ba ya jiran komai daga wurina.

Ranar Talatar nan Gwaggo, ƙanwar Baba, ta dira gidanmu da jakarta mai ƙaton zip da turarenta mai riga ta shiga ɗaki. Ko mayafi ba ta cire ba ta leƙo ɗakin ɗinki.

"Ke Auta, rufe akwatin aljanun nan ki fito."

Na fito falo. Baba na kan kujerarsa ta kullum, tabarau a karan hanci, jarida a hannu. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, shekara talatin da biyu yana raba wasiƙu kafin ya yi ritaya, magana ba ta dame shi ba.

Gwaggo ta ce, "Yaron nan mai gyaran waya tafiya zai yi. Ɗan'uwansa ya samar masa shago a wani gari, ranar Asabar motar kaya za ta zo. Shi da bakinsa ya faɗa wa babanki, ya ce ba fushi ya yi ba, amma shiru ma amsa ce, ba zai ci gaba da takura wa 'yar mutane ba."

Na ce, "Asabar wacce?"

"Asabar ta shekara mai zuwa! Wannan mana, sarkin barci. Wata bakwai mutum na sallama a ƙofa, ke ba ki ce shigo ba, ba ki ce Allah ya ba da sa'a ba. In ba kya so ki faɗa, ba wanda zai ɗaure ki. In kina so kuma, to bakin naki aro kika ba da?"

"Gwaggo, ina tunani ne."

"Tunani! Ni a tsawon tunanin nan naki na yaye ɗa. Yaya, kai ba za ka ce komai ba?"

Baba ya juya shafin jarida. Ya ce, "Ni ban tilasta wa kowa ba. Abin da na sani dai, a gidan waya in wasiƙar rajista ta zo, sai mai ita ya sa hannu cewa ya karɓa. In bai sa ba, 'yan kwanaki muke ba ta, mu mayar wa wanda ya aiko." Ya ɗan dube ni ta saman tabarau. "Ita kuma ta fi gane wasan yaran nan nata na cikin waya."

Wasan yara. Haka yake kiran sana'ata tun ranar da na fara, kuma kullum sai abin ya sosa min rai. Na koma ɗaki na zauna ina kallon keken Umma. Kun san me na yi? Maimakon in ɗauki waya in rubuta kalma biyu, sai na shiga tsara yadda zan je shagonsa in yi masa jawabi mai sa hawaye. Na tsara Talata, na gyara Laraba. Ƙafata ba ta taka ko ƙofar gida ba.

Alhamis da safe, ina shan shayi a tsaye, na ce yau dai ko ana ha maza ha mata sai na buɗe saƙonnin nan. Ashirin da uku ne. Na fara daga sama. Gaisuwa, gaisuwa, hoton wata mage da ta kwanta a kan akwatin kayan aikinsa, gaisuwa. Sai ga wani, mako uku da suka wuce, wanda layinsa na farko "Ranki ya daɗe, barka da rana" ne kawai, shi ya sa ban kula ba. A ƙasa ya rubuta:

"Ki duba manhajarki. Akwai wani mai zuwa wurina, duk abin da ya saya bayan kwana uku kwaɗon yake komawa ya rufe, kuɗinsa kuma su dawo masa. Ina jin akwai abin da kika manta. Ba zan faɗi sunansa ba, amana ce."

Bayan mako ɗaya ya sake: "Maganar manhajar nan dai. Mutumin bai yi ƙorafi ba, amma ni abin yana damuna."

Na ajiye kofi ban san inda na ajiye ba. Na buɗe kwamfuta, na shiga shafin da ban taɓa shiga ba tun da na fara sayarwa, shafin abin da aka mayar. Innalillahi! Ja, ja, ja, tun daga sama har ƙasa. Ba Mai Keke kaɗai ba, duk wanda ya taɓa sayen wani abu a manhajata an mayar masa da kuɗinsa an rufe masa sautin. Sauran sun yi tsaki sun tafi abinsu. Shi kaɗai ne yake dawowa.

Bari in yi muku bayani yadda Gwaggo ma za ta gane. In mutum ya biya, shagon manhajoji yana riƙe kuɗin, ya aiko wa manhajarka sanarwa. Kai kuma wajibi ne manhajarka ta mayar da amsa cewa ta gani, ta ba mutum kayansa. In kwana uku suka wuce ba amsa, shagon sai ya ɗauka an cuci mai saye, ya mayar masa da kuɗinsa, ya karɓe kayan. Suna da gaskiya, kuma a rubuce yake ɓaro-ɓaro a cikin ƙa'idojinsu, ni ce na tsallake shafin. Na rubuta wurin buɗe kwaɗo, na rubuta wurin buga ƙararrawa, har launin maɓallin saye na kwana biyu ina zaɓa, amma wurin amsar nan ban rubuta ba. Ranar gwaji kuwa, ina ganin kwaɗo ya buɗe na yi tsalle na rufe kwamfuta na tafi ba wa ƙawata labari.

'Yan'uwana masu irin sana'ata, ku ji daga bakin wadda ta ƙone: kada ku gwada saye a wayarku kaɗai ku ce an gama. Ku saya da kuɗin gaske a wayar wani, tsohuwa mai tsagaggen gilashi, ku dawo bayan mako ku ga ko kayan na nan. Kuma ku riƙa leƙa shafin da ba ya buga ƙararrawa.

Dogon mutumina na bakin teku ya narke kamar gishiri a ruwa, da benensa da jiragensa da tabon girarsa. Ashe ba saƙon so yake aiko min ba, wani bawan Allah ne a unguwarmu nake ƙwace wa abinsa duk bayan kwana uku, shi kuma yana haƙuri yana sake biya. Na lissafa da yatsa. Yau Alhamis, yau ranar sayensa ce, ƙarfe huɗu.

Na yi wanka. Na ciro doguwar rigar nan ruwan toka mai ƙananan maɓallai a hannu, ɗinkin Umma na ƙarshe da ta yi min, na yafa mayafin da Likita ya ce ya ga yadi launinsa. Na sa kwalli, na goge, na sake sawa. Na cusa kwamfuta a jaka. Da zan fita na leƙa falo in yi wa Baba sallama, kujerarsa ba kowa, jarida a ninke.

Rana ta yi sanyi, titin ya cika da masu tashi daga aiki. Ina tafe ina jin kamar ba ƙasa nake takawa ba. Daga nesa na hango shagon: allon sunan an sauke shi an jingine a bango, kwalaye a jere a bakin ƙofa, an ɗaure su da salatif. Na tsaya a jikin labulen roba na ƙofar, na kasa shiga. Ta tsakanin labulen ina ganin bayan wani dattijo a kan benci, da Likita a tsugune gabansa riƙe da waya.

Likita yana cewa, "Ya sake rufewa ko? Kawo in danna maka. Amma daga Asabar fa sai ka koyi yi da kanka, ga nan wurin, wannan koren."

Ya danna.

Ƙililin! Ƙararrawa ta buga a cikin jakata, a tsakiyar shirun nan.

Su biyun suka juyo. Hular nan da na sani, tabarau, rigar nan mai aljihu biyu da Umma ta ɗinka. Na ce, "Baba?"

Ban taɓa ganin Baba ya ji kunya ba sai ranar. Ya yi saurin kife wayar a cinya kamar yaron da aka kama da hannu a gwangwanin sukari. Likita ya miƙe, ya tura gilashinsa sama, ya rasa inda zai sa ido.

"Baba, kai ne? Kai ne Mai Keke?"

"Mai me?" Ya yi gyaran murya. "Wayata ce take ɗan ba ni matsala."

Na durƙusa a gabansa, a kan simintin shagon, rigar Umma ko oho. Na ce, "Baba, don Allah. Me ya sa ba ka faɗa min ba? A gida ɗaya muke kwana. Da na zuba maka shi a waya kyauta, har ma da wanda ban saka a manhajar ba."

Ya shafa bayan wayar da babban yatsa. Can ya ce, "Rannan na wuce ta ƙofar ɗakinki na ji keken nan yana tafiya. Sai da na dafa bango, Auta. Na zo na tambayi yaron nan, ya saka min. In na yi sallar azahar sai in kwanta in sa a kunne." Ya dubi wayar. "Akwai inda take cewa a miƙo mata almakashi. Ni take wa magana. Ina zaune a bakin ƙofa ranar, ina karanta jarida. Na miƙa mata ko kallonta ban yi ba."

Hawaye suka zubo min, ban ko share ba.

"Shekara talatin da ɗaya duk rigar da na sa ita ta ɗinka. In ta gama ta kawo min, sai in ce ajiye a can. Ban taɓa cewa ta yi kyau ba. Ina ganin ta yi kyau fa, a raina ina faɗa, na ɗauka tana ji." Ya dube ni. "To, da na ga abin na kuɗi ne sai na ji daɗi, na ce ko ba komai yau zan biya ladan ɗinki. Amma duk sanda na biya, bayan kwana uku sai banki su aiko cewa kuɗin sun dawo. Sai in ji kamar ita ce ta ƙi karɓa."

Wayyo Allah. Masu karatu, na yi kuka a rayuwata, amma irin na ranar nan ban taɓa ba. Kuskuren layi ɗaya da na yi don gaggawa, ashe shi ke tsinka zuciyar mahaifina duk bayan kwana uku, ni kuma ina can bakin taga ina gyara ɗaurin ɗankwali.

Na ce, "Ba ita ba ce, Baba, wallahi ba ita ba ce. Ni ce ban sa hannu na karɓa ba. Yanzu zan buɗe maka shi kyauta."

"A'a." Ya ɗaga hannu. "Kyauta ba na so. Ki gyara abinki ki karɓa."

Likita ya share min gefen teburinsa, ya kawar da ƙananan sukurori, ya jawo min kujera, ya miƙo min wayar caji. Na buɗe kwamfuta ido na yi min yaji. Gyaran da ya hana mutane barci wata da watanni bai ɗauke ni minti ashirin ba. Na rubuta wurin amsar, na sa manhajar ta riƙa duba tsofaffin saye duk lokacin da aka buɗe ta, ko da intanet ya yanke a tsakiyar biya. Likita ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Ki ƙara maɓallin dawo da abin da mutum ya saya in ya canza waya. Kullum sai an zo min da kukan wannan a shagon nan." Na ƙara. Muka zuba gyaran a wayar Baba kai tsaye, na buɗe shafina, muka zuba ido mu uku. Layin sayen yau ya juya daga ruwan ɗorawa ya koma kore.

Na juya masa kwamfutar. "Ka gani, Baba? An karɓa. Ba zai sake dawowa ba."

Ya gyara tabarau, ya matso da fuska har hancinsa na neman taɓa gilashin, ya daɗe yana kallon koren layin nan. Ya ce, "Alhamdulillahi." Sannan, ba tare da ya dube ni ba, "Ashe dai ba wasan yara ba ne."

Ya miƙe, ya zaro abin sauraro daga aljihu, ya warware igiyar a hankali, ya toshe kunnuwansa biyu. Da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa, ya ce, "Ni zan zauna a waje in sha iska. Minti goma sha ɗaya ne, ba na jin komai." Ya ɗage labule ya fita.

Shagon ya yi tsit, sai ƙarar motoci daga titi. Likita ya ɗauki salatif ya juya wurin wani kwali da bai gama ɗaurewa ba, ya ja, ƙiiiit, ya manna. Jawabin nan da na kwana biyu ina tsarawa, na neme shi sama da ƙasa, ko kalma ɗaya ban samu ba. Zuciyata ta fara halinta, tana ce min ki bari ki je gida ki rubuta masa mai kyau. Na ce mata yau kam ƙarya kike.

"Likita."

"Ranki ya daɗe." Bai juyo ba.

"Na karanta saƙonninka. Duka ashirin da ukun, yau da safe. Na farkon kuma tun ranar da ka aiko nake karantawa, wasu na haddace su. Duk na ba ka amsa, amma a raina." Na kama gefen mayafina. "Mage ta yi kyau. Mayafin ga shi na sa. Kuma abin da ka tambaya wata bakwai da suka wuce, e. Ina so. Kada ka tafi."

Hannunsa ya tsaya a kan kwalin.

Ya ce, "Na riga na faɗa wa mai shagon nan ya nemi wani. Mai motar ma na yi magana da shi."

"Na sani. Laifina ne. In ka tafi ma ba zan ga baƙinka ba."

Ya juyo a hankali. Idonsa ya yi ja, amma gefen bakinsa yana motsi. Ya ce, "Wannan amsar, in kwana uku suka yi, tana nan ko za ta koma?"

Dariya da kuka suka haɗe min wuri ɗaya. Na ce, "Ka dawo bayan mako ka duba."

Ya dubi kwalin da ya gama ɗaurewa yanzun nan, ya shafa aljihun rigarsa, ya shafa na wando, ya duba kan tebur. Abin da yake nema yana kusa da gwiwar hannuna. Ya nuna da haɓa.

"Miƙo min almakashin nan."

Na ɗauka na miƙa masa da hannu biyu, ina kallon cikin idonsa, ban kawar da kai ba har ya karɓa. Ya tsuguna ya farke salatif ɗin. A waje, ta tsakanin labule, ina hango Baba a kan benci, ido a lumshe, ƙafarsa ɗaya tana taka ƙasa a hankali kamar mai taka keke.